Takalman Bakin Ƙofa

Yaya Vinayan,

Na tafi aiki, na bar ka kana barci. Jiya na leƙa gidan kula da tsofaffin da kake ta yabo a Thrissur. Tsabta kam akwai. Amma ka kuwa duba takalman tsofaffin da ke jere a bakin ƙofa? Har gizo-gizo ya yi saƙa a ciki! Na tambayi mai kula da su, wai, "To, ina za su je?"

Haba! Baban da kullum sai ya je wurin mai shayi gardamar siyasa za ka kai can?

Kada ka sa hannu a takardarsu. Ka goge wa Baba takalminsa, ƙarfe bakwai zai fita.

Radhamani