Turaku a Ƙofar Ɗakin Inna

Yayana abin ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Yaya aiki, yaya ciwon bayan naka? Mu nan lafiya lau, Baba ma da sauƙi, sai rigimar tsufa.

Abin da ya sa na ɗauki biro maganar lambatun bayan gidanmu ce. Ka san ta'adin da ya yi bara, da ruwa ya shiga gidajen layin nan har gwiwa. To, hukumar gari ta turo ma'aikata, wata injiniya siririya mai takalmin roba ce shugabarsu. Wai za su farfasa simintin su mayar da shi rafi yadda yake a da, da lanƙwasa da yashi da ciyawa, don ruwa ya sami wurin bazuwa ya daina tahowa a guje. Kai ka taɓa jin an yi maganin ambaliya da ciyawa? Ni duk wanda na gani da igiyar awo yana murmushi, na san fili yake nema.

Da farko turakunsu masu jan fenti duk suna can ɓangaren Mai Walda, maƙwabcinmu na tsallake. Jiya na dawo daga shago, sai ga turakun a tsakar gidanmu, sun zagaye ɗakin Inna, Allah ya jiƙanta. Ɗakin da na bari yadda ta bar shi! Kuma da idona na ga Mai Walda yana gyara wa injiniyar ƙafar na'urar awonta, suna ta ƙyalƙyala dariya. Ai ba sai an faɗa maka ba, ya turo ruwan zuwa gidanmu ne don rumfarsa ta tsira. Na gaya wa Baba, sai murɗa rediyo yake yi.

Ka gaida mutanen gida. Ka yi tunanin abin yi.

Ƙanwarka,
Auta

Yayana,

Sallama da gaisuwa. Ina fata kun wuni lafiya, kuma zazzaɓin ƙaramar ya sauka.

Yaya, na sha kunya. Na je har rumfar Mai Walda, a gaban masu kawo masa aiki, na wanke shi tas. Ya cire gilashinsa ya rantse bai san komai ba. Ban yarda ba, na wuce wurin injiniyar da sauran faɗan a bakina. Ta ba ni kujera, ta yi mini bayanin yadda suke aiki: kafin su haƙa ko'ina, sai sun nemi dattawan unguwa su taka da su, su nuna inda ruwa yake bi kafin zuwan siminti. Daga nan su tona rami su ga ko akwai yashin rafi a ƙasa. Na ce wane dattijo ne ya nuna ɗakin uwata? Ta ce mahaifina.

Baba fa! Shi ya ɗauki sandarsa ya shigo da su ta ƙofar gida, ya buga ƙasa a bakin ɗakin Inna, ya ce nan ne gwiwar rafin, inda yake lanƙwasa. Sun tona a gefen bango, yashi fari fat.

Na dawo na tsare shi. Ya ce shi da hannunsa ya cike wurin da ɓaraguzai ya gina ɗakin, shekarar da aka haife ka. Ya ce in tuna bangon bai taɓa bushewa ba. Wai an tambaye shi, kuma da furfurarsa ba zai yi ƙarya ba alhali gidajen mutane na cika da ruwa. Ni dai ina zargin yarinyar nan, injiniyar, daɗin baki ta yi masa. Kullum Baba kaza, Baba kaza, har kujera take ɗaukar masa. Sun ce za su gina mana wani ɗaki ta gaba. Ni ɗaki na ce musu ina nema?

Don Allah ka zo, kai yana jin maganarka. Idan katafila ta iso, shi ke nan.

Taka,
Auta

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata kowa lafiya. Saƙonka ya iso, wai gidan Baba ne, abin da ya yanke shi ne daidai. Yadda kalmominku kai da Baba suka zo iri ɗaya, na san kun gama magana ta waya tun kafin in buɗe baki. Ba komai.

An rushe ɗakin. Ni na kwashe kayan da kaina, ban bar kowa ya taɓa ba. Mai Walda ma rabin rumfarsa ya tafi. Na gaishe shi, ya amsa ciki-ciki, kodayake har yau ban gane dariyar me suke yi ranar nan ba.

Shekaranjiya aka yi ruwa irin na bara, har ya fi. Na ɗora katifu kan tebur ina jiran a zo a ce mini na yi gaskiya. Ruwan ya zo, ya bazu cikin ciyawar, ya lafa, ya wuce abinsa. Tun safe maƙwabta ke sintiri suna yi wa Baba godiya, shi kuwa ya juya kujerarsa baya, ya ƙi kallon wajen.

Ni na kalla. Na tsaya a bakin sabuwar katanga, na ga ruwan ya lanƙwasa daidai inda gadon Inna yake a da, inda na riƙe hannunta ta cika. Yaya, ko tabarma ɗaya ba ta jiƙe a layin nan ba, kuma wallahi na kasa yin murna.

Ka huta lafiya.

Ƙanwarka,
Auta