Kalmar da ke Kan Takardar Baba

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da iyali da ɗalibanka. Wayarka ba ta shiga, shi ya sa na ba direba wannan.

Kwananmu tara a asibiti. Baba ya faɗi a shago, bakinsa ya karkace, amma ya dawo daidai. Likita ta ce jijiyar wuyansa ce, za a yi aiki, sai ɗansa ya sa hannu. Ga abin da ke kan takardar, na kwafa harafi-harafi: ENDARTERECTOMY. Ta yi bayani tana tafiya, ban kama komai ba. Ba zan yarda a yanka wuyan Baba a kan abin da bakina ma bai iya faɗa ba. Kai ne mai karatu.

Lokacin ziyara kowane gado cike yake da dangi. Namu ni kaɗai ne, har aron kujerarmu ake yi.

Ka huta lafiya.
Ƙaninka

Auta,

Wa'alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya.

Kalmar daga Girkanci take, gaɓa uku ce: ciki, jijiya, da yankewa a fitar. Wato a buɗe jijiyar a kankare abin da ya toshe ta. Abin sha'awa, mutanen zamanin da sun zaci iska ce ke bin waɗannan jijiyoyi, domin gawa kawai suke buɗewa, sai su tarar da su wayam.

Jarrabawa ta riƙe ni. Ka sa hannu, ai ka girma.

Yayanka

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Na gode. Ashe irin aikina ne na gyaran famfo: bututu ya toshe, a buɗe, a kankare, a mayar. Na tambayi likita ina suke rufe ruwan kafin su fara. Ta yi dariya, ta zauna ta zana mini. Na sa hannu.

Na karanta wa Baba wasiƙarka. Ya ce in sake. Da na gama ya ce, "Auta, ba ka tsallake layi ba?" Na ce a'a. Ya karɓi takardar ya juya bayanta, ya daɗe yana kallon inda babu rubutu, sannan ya sa ta ƙarƙashin matashi.

Ranar Alhamis ƙarfe goma za su shiga da shi. Ɗaki na huɗu ne, gadon bakin taga. Motar farko daga wajenku tana isowa ƙarfe tara.

Allah ya bar zumunci.
Ƙaninka