Shuwakar Inna Ta Tofo

Hamdara, ranar Lahadi

Zuwa ga Yaya Habiba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da Malam Sulaiman da yara, ya kuma sassauta miki ciwon gwiwa da zafin Arlit. Mu nan lafiya lau, gero ya fara fitar da kai. Jikarki da 'yata Nafisa ta haifa a Damagaram tana ta ƙiba, kin san an mayar mata da sunan Inna, Hafsa. Na rubuto ne don in yi miki godiya, domin a waya kuka ba zai bar ni in faɗa ba.

Kin tuna ranar da aka kwashe kayan Inna a Birni kafin a sayar da gidan? Muna ta rabon kwanoni da zannuwa, ke kina bayan ɗaki kina yankan rassan shuwakarta, har na ce ga Yaya can ta gaji itacen girki. Kika ba ni rabi, kika tafi da rabi, kika ce kada 'ya'yanmu su yi jego babu miyar shuwakar Inna, tunda da ita ta yi mana namu. A cikin nawa reshe ɗaya ne ya kama, amma ya yi kyau har ya wuce tsayina. Da rani ya yi furanni farare ƙanana cunkus, ƙudan zuma suna ta kewaya su.

Sai cikin Nafisa ya zo da laulayi, na tafi jinya na daɗe. Babu mai ba shukar ruwa, ganyen ya zube. Kin san maigidana Lawali, a gonar gero ya tashi. A wurinsa duk abin da ya yi fure ya zubar da iri ya bushe, to ya gama aikinsa. Da ya ƙare sharar gona sai ya shigo gida da addarsa, ya sare ta har ƙasa, ya haɗa da kara ya cinna wuta. Da na dawo har nuna mini yake yi yadda tsakar gida ta yi fes, yana jiran in ce sannu da aiki. Yaya, na zauna gaban kututturen na yi kuka kamar ranar da aka fita da Inna.

Ke kika hana ni tone shi da na kira ki. Kika ce shuwaka ba gero ba ce, ranta a saiwa yake, in rufa mata taki, in kuma mayar da wurin alwala gindinta, tunda ruwa a nan sai an auna. Lawali da kansa ya ɗauko dutsen alwalar ya kai, kuma tun daga ranar ban ga mai yawan sabunta alwala irinsa ba. Kafin ruwan farko ya sauka sai ga tofo ya leƙo ta ko'ina a jikin kututturen, yanzu ma ta fi da cika. Da Nafisa ta zo gida wankan jego na tsinki ganyen, na murje na wanke yadda Inna take yi, ban kashe ɗacin duka ba. Ta kai loma ta yamutsa fuska, ta ce wallahi ƙamshin ɗakin Kaka, sannan ta share kwanon tas.

Sai shekaranjiya da Adam ɗanki ya biyo da motarsa yake faɗa mini shuwakarki ta mutu tun bara, ƙasar Arlit ta ƙi ta. Ashe lokacin da kike lallashina kina cewa ba komai, kin san kututturen nan ne kaɗai ya rage daga hannun Inna, kika haɗiye ke kaɗai don kada hankalina ya ƙara tashi. Allah ya saka miki da alheri, Yaya, ya sa 'ya'yanki su riƙe ki yadda kika riƙe ni.

Ga rassa nan a hannun Adam cikin jiƙaƙƙen tsumma, da ƙasar da na ɗebo daga gindinta. Ki kafa su a karkace cikin tukunya, idanun suna duban sama, ki ajiye a inuwa. Lawali ne ya yanko su, da addar nan dai, amma kowane reshe sai da ya nemi izinina.

Ki gaida Malam Sulaiman da ɗanki Abdulaziz da Ladi matar Adam. Na ji watanta ya kusa. Idan rassan sun kama kafin ta sauka, alhamdulillahi. Idan ba su kama ba, kada ki sake ɓoye mini, zan hau mota in kawo ganyen da kaina.

Taki ƙanwa,
Ramatu