Burtalin Bayan Rami na Huɗu

Nguru, 9 ga Yuni, 2024

Zuwa ga Ya Fanna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Malam da jikoki. Ya ƙafar? Ya kuma kunnen? Tunda kin ce waya ba ta kawo miki komai sai ƙara kamar injin markaɗe, ga takarda na ba Muktar direba, mu koma zamanin da.

Albishirinki! Ginin filin golf ya kammala, Asabar ɗin ƙarshen Yuli za a buɗe. Na san za ki taɓe baki ki ce wasan tsofaffi masu bin ƙwan zabi da sanda. To wannan karon ba na masu sanda ba ne kaɗai. Bayan gidan kulob, ƙaramar hukuma ta gina zauren taro mai cin mutum ɗari uku, na kowa da kowa: walima, taron unguwa, ajin yaƙi da jahilci na mata. An zagaye filin da katanga. Ramukan tara duk an sake musu yashi an zuba baƙin mai, sun yi sumul kamar lokacin da Baba ke bin su da manjagara.

Ga babban labarin. A matsayina na sakataren kwamiti na tsaya kai da fata, sai da aka yarda a sa wa zauren sunan Baba: Zauren Malam Ibram. Mutumin da ya yi shekara talatin da ɗaya yana share filin nan, ba a taɓa ce masa ya zauna a kan kujerar kulob ba. Dole ki zo, ko da a goye ne.

Af, na haɗu da Bobboi a kara, kasuwar shanu, shekaranjiya, sun hauro daga fadama. Kin san Bafillace da baki. Yana hango ni ya ɗaga sanda, "Kai Babarbare, bawan gidanmu! An ce ka yi wa ƙwan zabinka katanga. To shanun ubangidanka fa, ta sama za su tashi?" Na ce, "Ka saya musu fukafukai mana, mai ƙafar kara!" 'Yan kara suka yi ta dariya, shi ma ya yi. Ya ce mahaifiyarsa Gogo tana gaishe ki.

Ki gaida mutan gida. Na bar ki lafiya.

Ƙaninki,
Zainulabidin

Gashuwa, 12 ga Yuni, 2024

Zainu,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya, ƙafa da sauƙi, kunne yana nan yadda ka san shi. Sunan Baba a jikin gini ya sa ni hawaye, Allah ya yi maka albarka.

Amma shekara talatin da biyar na yi ina duba littattafan yara, na san wurin da yaro ya goge da yawu ya sake rubutu a kai. Duk takardarka fes take, sai wajen “Af” ɗin nan. Ka ce an zagaye filin da katanga. Ina burtali?

Ko ka manta, ni ban manta ba, don ina da shekara tara lokacin. Inna ta rasu kwana uku bayan sunanka. Kana ta tsala kuka, Baba ya rasa yadda zai yi, sai ga Gogo matar Jumare ta shigo tallar nono da Bobboi a bayanta. Ta sauke ƙwarya, ta ɗauke ka, ta sa ka a nono ɗaya, ɗanta a ɗaya. Shekara biyu haka. Ranar da ta yaye ku ta ba ka karsana, kuma jikokin karsanar nan ne suke cikin garken Bobboi har yau, yana yi maka kiwonsu kai kana ofis kana shan fanka.

A gindin tsamiyar bayan rami na huɗu Baba da Jumare suka yi magana. Da damina, idan gonaki sun rufe ko'ina, shanu za su ratsa ta nan su kai tafki, su kuma cinye wa Baba ciyawar da ta fi ƙarfin laujensa. Ba takarda, ba sa hannu. Su biyu sun tafi, maganar ta zauna.

Kai kuma da ka sha nonon Fulani ka fi kowa sanin halinsu. Bobboi ba zai zo ofishinka ya durƙusa ba. Kunya ba za ta bar shi ya roƙe ka ba, sai ya naɗe roƙon cikin wasan Fulani da Barebari ya miƙo maka, don idan ka ƙi kada wani ya ji kunya. Ya miƙo, kai kuma ka ce ya sayi fukafukai.

Ka ba ni amsa, kada ka yi mini kwana-kwana. Ka gaida matarka Ikilima.

Yayarka,
Fanna

Nguru, 22 ga Yuni, 2024

Ya Fanna,

Assalamu alaikum. Na yi kwana goma ina juya takardarki, ina neman amsar da ba za ta ƙona ni ba. Jiya aka hutar da ni neman.

Ban manta ba. Da ma mantuwa ce da na ji sauƙi. A watan Fabrairu injiniyan ginin ya zo awo, baƙo ne, bai san garin ba. Muka kai bayan rami na huɗu, ya ga ƙasa ta ɗan lotsa ta miƙe kamar hanya, ya tambaye ni ko ana bi. Rani ne, Fulani duk suna fadama, ko kashin saniya ɗaya babu a wurin. Na san idan na ce ana bi, sai an matsar da katanga, an koma kwamiti, an sake zane, shekara ta tafi. Ni kuma Disamba zan yi ritaya, ina so a buɗe zauren Baba ina kan kujera. Na ce masa tsohuwar hanya ce, an daina bi. Ya rubuta, na sa hannu.

A kara ma na gane sarai. Na ga idon Bobboi, ba dariya a ciki. Na san tambaya yake yi, na ɓuya a bayan wasa don na san ba zai maimaita ba.

Makon jiya su Bobboi sun gwada zagayawa da shanu ta gabas. Gero ya tsiro dama da hagu, shanu suka faɗa gonar wani, saura ƙiris a zub da jini. Jiya Juma'a na dawo daga masallaci na tarar da shanu bakwai ɗaure a gindin darbejiyar ƙofar gidana. Bobboi da kansa ya kawo su ina waje. Ikilima ta kawo masa ruwa ya ce ya ƙoshi. Sun tashi da rugarsu gaba ɗaya, sun yi wajen Yusufari, an ɗora Gogo a amalanke. Tsohuwa mai shekara tamanin da ɗoriya, Ya Fanna, a cikin ruwan sama.

Ga takardar da ya bari, na haɗo miki. Sau ashirin na karanta ina neman zagi ko ɗaya ban samu ba. Tun da muka fara magana a duniya bai taɓa kira na da sunan kirki ba sai a nan. Kunya ta hana ni fita ta ƙofar gaba.

Ƙaninki,
Zainulabidin

Zuwa ga Malam Zainulabidin, Sakataren Kwamiti,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da ladabi. Ga dabbobinka guda bakwai, lafiyarsu ƙalau, an yi musu allura. Jar mai karyayyen ƙaho tana da ciki wata biyar. Mun gode da zaman da aka yi. Idan mun yi wani laifi a yafe mana. Allah ya sanya alheri a ginin.

Mai biyayya,
Bobboi Jumare
('Yarsa Wasila ce ta rubuta.)

Gashuwa, 25 ga Yuni, 2024

Zainu,

Wa'alaikumus salam. Ba zan ce maka ba komai ba, domin da komai. Mutum ya maido maka da shanun yaye, ai ya ce maka nonon da kuka sha tare ya ƙare ke nan.

Sai dai ban isa in ɗaga murya sosai ba. Kowace kaka Gogo tana aiko mini da man shanu, ina karɓa ina soya miya, amma rabona da in taka rugarta shekara huɗu. Ina cewa ƙafa. Ƙafar nan kuwa ta kai ni biki Dapchi har sau biyu.

Ka saurare ni. Kada ka sayar da shanun nan, kada kuma ka tura su da ɗan aike, zai maido su. Kada ka bi shi da baki mai daɗi alhali katanga tana tsaye. A gaban jama'a ka mai da shi abin dariya, a gaban jama'a za ka gyara. Zan zo bikin. Ina so in ga ko sunan Baba za a rataya a bangon da ya toshe maganar Baba.

Ka ba shanun harawa, ba tuwo ba, na san Barebarin birni.

Yayarka,
Fanna

Nguru, 4 ga Agusta, 2024

Zuwa ga ɗan'uwana Bobboi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Gogo da duk mutanen ruga. Ya damina, ya dabbobi? Na ba wani dillalin shanu mai cin kasuwar Yusufari wannan takarda. Wasila, ki karanta masa duka, kada ki tsallake inda babanki Zainu ya ji kunya.

An buɗe ginin. An kafa rumfuna, an yi kiɗa, manya sun zo da manyan riguna, an yanka kirtani. Sai aka miƙo mini lasifika in karanta tarihin Baba. Shafi biyu na rubuta. Na karanta layi uku, na kai inda na ce Malam Ibram mutum ne mai cika alkawari, sai harshena ya ƙi gaba. Na ninke takardar.

Na faɗa musu komai. Na faɗi maganar gindin tsamiya, na faɗi abin da injiniya ya tambaye ni da ƙaryar da na yi masa. Na ce ba laifin kwamiti ba ne, ba na injiniya ba, nawa ne ni kaɗai. Na ce akwai tsohuwar da ta shayar da ni, na saka mata da hawan amalanke a cikin ruwa.

Alhaji Zakir, shugaban kwamitinmu, ya jawo rigata yana cewa, "Haba Sakatare, yau ranar farin ciki? Ka bari a watse mana!" Sai Ya Fanna ta miƙe daga layin mata da sandarta. Ka san kurma ba ya jin ƙarfin muryarsa. Ta ce, "Ku bar shi ya ƙarasa! Wata shida yana bari a watse!" Wasu suka yi dariya, ni dai ban iya ba.

Kwana uku ana ja-in-ja. Masu wasa suka ce kofato zai ɓata musu yashi. Wani dattijo cikinsu ya ce shekara arba'in yana buga ƙwallo a bayan shanun Jumare, bai taɓa ganin saniya ta taka rami ba, sun fi wasu 'yan kulob ɗin tarbiyya. A ƙarshe aka yarda a fasa katanga wuri biyu, kudu da arewa, faɗin da garke zai wuce, kuma a rubuta a takarda wannan karon. Ni na fara sa guduma. Na kuma ajiye sakatarcin, ba wanda ya ce in tsaya.

Burtali a buɗe yake, Bobboi. Ciyawa ta kai gwiwa a bayan rami na huɗu, ba mai ci.

Ban rubuto don in ce ka dawo ba, ba ni da bakin wannan. Ranar kara na ji ka sarai, na yi kamar ban ji ba. Wannan ya fi ƙaryar da na yi wa injiniya ci mini rai, don shi baƙo ne, kai kuwa ba ka da wanda za ka tambaya sai ni.

Abu ɗaya nake roƙo, kuma ba cikin wasa ba. Ka karɓi shanun nan. Jar ta daina cin abinci. Mun ba ta harawa, mun ba ta dusa da kanwa, sai ta juya kai arewa ta yi ta kuka. Ban iya ba. Idan ka ƙi, ba zan ga laifinka ba.

Ka ce wa Gogo ta yafe mini.

Ɗan'uwanka,
Zainu

Rugar Jumare, arewa da Yusufari, 13 ga Agusta, 2024

Salamu alaikum.

Takarda ta iso, Wasila ta karanta, ba ta tsallake komai ba.

Bana ba za mu dawo ba. Mun riga mun kafa bukkoki, kuma tafiyar ta taɓa Gogo, ba ta tashi sai an ɗaga ta. Ƙofar a bar ta a buɗe, akwai wasu a bayanmu.

Saƙonka na yafiya ban isar ba. Ba ta san dalilin tashinmu ba, ce mata na yi ciyawa muka biyo. Kullum tana tambaya me ya hana Zainu zuwa shan nonon damina. Idan kana da abin faɗa mata, ka zo ka faɗa da bakinka, kuma kada ka daɗe.

Jar ba dusa take so ba, garke take so. Ka kawo su da ƙafarka, kada ka sa mai ciki a mota. Tafiyar kwana huɗu ce ga mutum. Ga Babarbare kuwa, Allah kaɗai ya sani.

Ubangidanka,
Bobboi