Maɓalli Talatin da Uku

Talata, 16 ga Satumba, 2025

Matar da ke kula da ajin yara a cocinmu ta tare ni a bakin mota ranar Lahadi. Wai yara za su yi ɗan wasan kwaikwayo ranar 19 ga Oktoba don tunawa da shahidan da suka kawo bishara arewacin wannan nahiya ta Amurka tun da daɗewa, kuma ta ji ni tela ce. Baƙaƙen riguna takwas take so, irin na fada, daidai jikin yara. Ni da ba na iya cewa a'a in an haɗa da coci, na karɓa. Ta ba ni 'yar takarda mai hotuna don in ga fasalin rigar.

Hoton kawai nake buƙata. Rubutun ƙanana ne, Turancin kuma na masu tarihi, sai na miƙa wa ƙanena Fada Nathan na ce ya karanta ya taƙaice mini. Ko ba komai zai sami abin yi. Wata uku ke nan yana zaune a tsohon ɗakin 'yata Serah, tunda ita tana jami'a, yana kallon motocin da ke wucewa. Tun da masu garkuwa da mutane suka sako shi, likita ya cire masa babban yatsa da manuni na hannun dama saboda ɗaurin igiya ya kashe su, bai sake yin Mas ba. Farar rigarsa ma tana ƙasan akwati. Rigunan mijina Harrison yake sawa, marasa maɓalli.

Ya karɓi takardar da hagu.

Alhamis, 18 ga Satumba

Ya cinye tuwonsa tas yau, har ya nemi ƙari. Ya kamata in yi murna.

A wurin cin abincin ya ba mu labari. Ashe Faransawa ne, kusan shekara ɗari huɗu da suka wuce, can arewa wajen New York da Kanada. Ɗaya daga cikinsu, Ishaku ne sunansa na fari, sauran sunan ya fi ƙarfin harshena, mutanen wata ƙabila suka kama shi suka lalata masa yatsu, ya yi fiye da shekara a hannunsu. Daga baya ya tsere, ya isa ƙasarsu, Paparoma ya ba shi izinin yin Mas da guntun hannun. Na ce to madalla, ya tsallake rijiya da baya, sai ya zauna ya huta.

Fada bai ɗago kai daga kwano ba. Ya ce, "Ai komawa ya yi, Yaya."

Harrison, da ba ya gane lokacin yin shiru, ya tambaya yaya aka ƙare. Da gatari aka ƙare.

Lahadi, 21 ga Satumba

Lauya ya ba mu ranar 27 ga Oktoba. Fada zai sa hannu a takardun neman mafaka, don izinin zamansa zai ƙare a Disamba. Na rubuta ranar da jan biro a jikin firji. Ya tsaya ya karanta, ya buɗe firjin, ya ɗauki ruwa.

Laraba, 24 ga Satumba

Yau na yi wauta, kuma da alfahari na yi ta.

Yara 'yan shekara bakwai ba za su iya ɓalla jerin maɓallai ba, kuma babu mai lokacin tsayawa a kan yara takwas. Sai na yi dabara: na ɗinka maɓallan a sama don ado kawai, a ƙarƙashi na sa manne irin na takalmin yara, wanda in ka danna ya kama, in ka ja ya yi ƙyaat. Daga nesa ba mai ganewa. Daɗi ya kama ni har na kira Fada gareji, inda kekena yake, ya zo ya ga aikin yayarsa.

Ya ɗauki 'yar rigar. Ya bi gabanta da gefen hannun nan nasa daga sama har ƙasa, ta rufe. Ya ja, ta buɗe. Ya sake. Sau huɗu na ƙirga. Bai ce ta yi kyau ba, sai ya tambaya ko zan ara masa ɗaya.

Na ara masa.

Asabar, 27 ga Satumba

Ƙyaat. Ƙyaat. Tun bayan karin kumallo, daga ɗakinsa.

Talata, 30 ga Satumba

Iliyasu, katikis ɗinsa mai koyar da addini a cocinsa na gida, ya dawo da turo saƙon murya. Da Fada ba ya buɗewa, yanzu a falo yake saurara, ko sautin bai rage ba. Na ji ana lissafa masa jarirai goma sha ɗaya da ba a yi wa baftisma ba, da tsofaffi biyu da aka binne babu fada. Rabin ƙauyen suna kwana a makarantar firamare ta bakin titi. Iliyasu ya ce akwatin kayan Mas ɗinsa yana nan yadda ya bar shi, yana goge shi duk Asabar.

Mutumin nan na cikin takarda shi ma ya bar wani akwati a wurin mutanen, alamar zai dawo. Na ɗauko takardar na karanta da kaina, da gilashina, kalma kalma. Cuta ta shigo musu, tsutsa ta cinye gonaki, suka ce akwatin ne. Ni dai ban ga laifinsu duka ba, ƙasarsu ce baƙi suka shigo musu da bindiga da cututtuka. Amma na duba gaba da baya, takardar ba ta faɗi ko yana da yaya ba, balle abin da ta ce.

Allah ya yafe mini, na ji haushin Iliyasu. Mutum mai kirki irin wannan.

Litinin, 6 ga Oktoba

Ya kawo ta.

Ina kan riga ta shida ya shigo gareji da farar rigarsa a kan hannu. Ni na ɗinka ta da kaina lokacin da aka naɗa shi, kafin mu zo Amurka. Maɓalli talatin da uku, ɗaya don kowace shekarar da Yesu ya yi a duniya, kowane da raminsa da na yi da allura. Har yanzu akwai wani tabo ruwan ƙasa a gefen da omo ya kasa fitarwa. Ya ajiye ta a kan teburin yanka ya ce in yi mata irin na yaran.

Na tambaye shi ina za shi da ita. Ya ce fada ai da rigarsa aka san shi. Na ce farin manne ya ƙare a kasuwa. Ya dube ni, ya dubi kwandon da ke gefen ƙafata, inda farin mannen yake a naɗe har yadi biyar. Ya ce ba komai, zai jira a kawo.

Tun yana aji uku na firamare nake riƙe da yaron nan, bayan rasuwar Mama. Ban taɓa yi masa ƙarya ba sai yau.

Juma'a, 10 ga Oktoba

Na ɗora rigar a saman kabad ɗin ɗakinmu, bayan akwatunan Kirsimeti. Harrison ya gani ya ce, "Maman Serah, kina ganin riga ce za ta hana shi?" Na ce masa ya je ya duba man motarsa.

Kouloussoum maƙwabciyata, mai kitso 'yar Nijar, ta shigo karɓar ɗinkinta, na zazzage mata komai. Na ɗauka za ta goyi bayana. Ta juya zobenta, sannan ta ce, "Pardon hwa, ƙawata. Wata ukku ina ganin shi ta taga kamar hoto. Yanzu shina hitowa, shina gaishe ni. Wanne kike so?" Na ce mai rai nake so. Ta ce ita ma abin da take tambaya ke nan.

Ban raka ta ƙofa ba.

Laraba, 15 ga Oktoba

Ya yi aski. Ya sa Harrison ya kai shi Summerfield, inda wani tsohon fada Bature yake hutun ritaya, suka yi awa biyu a ɗaki. A hanya, in ji Harrison, yana ta ɗaga murfin kwalba tsakanin yatsansa na tsakiya da na kusa da shi, ya ajiye, ya sake ɗagawa. Harrison ya ce motsa jini ne da likita ya sa shi. Ni na san abin da ake ɗagawa haka a Mas.

Ganyen itacen ƙofar gidanmu ya yi ja, ya fara zuba. Sharewa nake yi yana ƙaruwa.

Lahadi, 19 ga Oktoba

An yi wasan bayan Mas na ƙarfe goma sha ɗaya. Rigunana sun yi kyau, kowa ya faɗa. Iyaye sun ɗaga wayoyi suna dariya, don yarinyar da ta fito a Ishaku ta naɗe hannu da farin ƙyalle mai jan fenti, tana ta ɗaga wa kakarta shi. Gatarin na kwali ne. Da aka sare ta ta faɗi, ta buɗe ido ɗaya ta duba ko ana kallonta. Aka yi tafi, aka ci biskit.

Ni na kasa tafi. Su labari ne a wurinsu, abin da ya wuce tun kakannin kakanni, har an yi masa ranar biki. Ni nawa yana zaune kusa da ni a benci, hannunsa a aljihu.

Aka roƙe shi ya yi addu'ar rufewa. Ya tashi, ya fitar da hannun, ya sa wa yaran albarka da shi a fili. Wata yarinya ta ɓoye fuska a jikin uwarta.

Litinin, 20 ga Oktoba

Mun yi ta yau, da rana tsaka, a kicin.

Ya ce ya yi magana da Bishop, an ce zaɓi nasa ne, kuma ya zaɓa. Zai koma gida kafin Kirsimeti. Na ajiye ludayi na kira shi da sunan da ban kira ba shekara tara. Na ce, "Nathan, ni na wanke maka miki. Ni na ji kana ihu cikin barci. So kake yara su yi wasanka da gatarin kwali?" Na gaya masa girman kai ne, son a sa hotonsa a bango ne, na gaya masa abubuwan da ba zan rubuta ba.

Ya bari na gama. Ya ce shi ba shahada yake nema ba, tsoro ma yake ji, har gudawa tsoron yake sa shi. Ya ce, "Su Iliyasu ba su da yaya a Amurka. Ni kaɗai aka ɗauko."

Na ce to ba da hannuna ba.

Alhamis, 23 ga Oktoba

Ba ma magana sai gaisuwa. Har yanzu yana wanke kwanonsa da kansa, da hannu ɗaya da rabi.

Litinin, 27 ga Oktoba

Na shirya tun ƙarfe takwas, na zauna a mota na kunna. Bai fito ba. Tara saura kaɗan na koma ciki da niyyar in jawo shi ko da tsiya.

Ƙofar ɗakin a buɗe take kaɗan. Ashe Harrison ya sauko masa da rigar, munafuki. Yana tsaye gaban madubi a cikinta, yana ɓalla maɓallan da kansa. Yakan tura da hagu, ya tare da kututturen dama, ya kuɓuce, ya sake. Inda likita ya yi masa ɗinki ya tsage, jini ya ɗiga a farin yadin, bai ma lura ba. Na tsaya ina ƙirgawa a zuci. A minti ashirin ya yi guda bakwai.

Haka zai riƙa yi ke nan kowace safiya. In kuma an ji babura suna tahowa, haka zai tsaya cirewa.

Na koma na kashe motar. Ban kira lauya ba, shi ya kira, na bar wayar ta yi ta ƙara.

Laraba, 29 ga Oktoba

An sayi tikiti. 2 ga Disamba. Ban share jan biron firji ba, ban kuma rubuta sabo ba.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Ban yarda ba. Ina so ya zama a rubuce cewa ban yarda ba, kuma in ya tambaye ni gobe haka zan ce.

Jinin ne kawai na ga zai kama yadin, na jiƙa ta a ruwan sanyi da gishiri. Da ta bushe na ga kalmasar ƙasa ta saki, na gyara. Tunda tana kan keke, kuma mannen yana nan yana cin wuri a kwando, na sa mata shi. Tela ba ta barin aikinta ya fita a wulaƙance, mutane za su ce wa ya ɗinka wa Fada wannan. Layi biyu na bi, kada ya saki a wanki. Na gwada da gefen hannuna, da ja ɗaya take buɗewa har ƙasa, mutum zai iya yar da ita ya ruga.

Talatin da biyu na mayar na ado. Na wuya na bar shi na gaske, da raminsa, na ma ƙara matse shi. Ba zai iya shi kaɗai ba, ko zai kwana yana yi. Dole kowace safiya wani ya tsaya a gabansa, Iliyasu ko wani, ya ɓalla masa, ya ga fuskarsa, ya san ya kwana a gida.

Na goge ta na rataye masa a ƙofa. Ɗazu na ji ƙyaat daga ɗakinsa. Sannan ya leƙo gareji, wuyan rigar a buɗe, ya ce, "Yaya, kin manta ɗaya."

Na ce Fada ya matso in gani.