Goshi Ta Yi Zafi a Kwatano

Ruma'isa ƙanwata,

Ina gaishe ki da Inna. Yaya yaran lekol, makarantarmu ta Bande?

Ki faɗa wa Inna ba a sallame ni ba, ramar da na yi ma kaɗan ce. Da, inji kan mutu a rezon cikin kamfaninmu, wato layin da ya haɗa kwamfutocinmu, ba wanda ya sani. Sai na dasa wa kowanne manhajar da ke gadinsa, na sa musu sunayen shanunmu. Jiya saƙo ya shigo wayata cewa Goshi, ɗaya daga cikin injinan, ta yi zafi. Na ruga kamar ta faɗa rijiya, na ceto ta. Maigida ya ce in ci gaba da aiki.

Ki dage da karatu, Allah ya yi miki albarka. Ki shafa mini Goshi ta gaske.

Yayanki,
Manzo