Mata Biyu a Ƙofar Masaukina

Litinin, 25 ga Satumba, 2006
Tun Juma'a aka gama taron gwamnoni, ni kuwa ina nan Asokoro na ƙi komawa jiha. Na ce wa matata Safiyatu likita zan gani. Ta ce, "Alhaji, wane likita? Guduwa dai kake." Matar nan ba a ɓoye mata komai.

Ranar 'yancin kai ta matso, lokacin da gwamna kan yi wa fursunoni afuwa. Ga batun Manniru, wanda ya kashe maƙwabcinsa Mato kan iyakar gona. Kotu ta ce rataya. Sauran nawa: in sa hannu, ko in yafe. Lokacin kamfe titi da rijiyar burtsatse na yi alkawari, ba wannan ba.

Talata, 26
Na sa aka zagaya da ni Maitama ba gaira ba dalili. Gini ko'ina. Na dawo, na kasa zama.

Laraba, 27
Leonard, mai tsarona, ya shigo da wata tsohuwa da ta sauka a tashar Utako. Kubra, uwar Manniru. Ta zube ƙasa: "Baba, shi kaɗai gare ni." Ta isa ta haife ni, amma ni ne baba. Na yanke, afuwa zan yi. Yau na ci tuwo har da ƙari.

Alhamis, 28
Ashe su biyu ne, mota ɗaya ta kawo su. Ɗayar Rakiya ce, matar marigayin. Ita ba ta durƙusa ba. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ban zo in ce a rataye shi ba. Amma jinin Mato namu ne, ni da 'ya'yansa. Wa ya ba ka da za ka yafe? Ko gaisuwar mutuwa ba wanda ya tako mana."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ni za a faɗa wa haka? Doka ce ta ba ni ikon nan!

Juma'a, 29
Ban ji ko kalma ɗaya ta huɗuba ba.

Asabar, 30
Ban sa hannu a komai ba. Na ce wa Leonard mu biya ta ƙauyensu kafin gidan gwamnati, ba jiniya, matan biyu su shiga motar baya. Ya ce, "Oga, me za mu je yi?" Na ce gaisuwa. Gaisuwa ce kawai, wadda ta makara.

Amma tun safe nake gwada yadda ake roƙon mutum, ashe na manta.